Gargaɗi Ga Magidanta A Kan Abin Da Ke Shiga Bakin Jariri

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya tanadar wa jariri abincinsa tun bai faɗo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga magidantan Zaitawa da maƙwabtansu na cikin ganuwa, da duk wanda ta isa hannunsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kada a bar ta a zaure, a shiga da ita cikin gida a karanta wa mata, tsofaffi da yara, gama zancen ya shafe su, ko da ya ke laifin da za mu ambata mafi yawansa namu ne, mu maza.

Ku sani, ya 'yan'uwa, kadan aka yi wa ɗayanmu haihuwa, kwana bakwai ɗin nan ba ya zama. Yana can yana taya rago, yana neman goro da alewa, da itacen wanka, da ɗinkin fitar suna. Ka tambaye shi kuɗin ragon, ya faɗa maka har da la'adar dillali. Amma ka ce da shi, "Malam, me da me aka sa a bakin yaron nan tun ran da ya faɗo?" sai ya yi dariya ya ce wannan sha'anin mata ne. To, wannan dariya ita ta sa muka rubuta takardar nan. Bakin jariri ƙofa ce, ta nan lafiya ke shiga, ta nan kuma cutar da ke kashe 'ya'yanmu ta fi shiga, kuma mai gida da ke sa ido a kan ƙofar zaurensa dare da rana ya bar wannan ba mai tsaro.

Abu na fari da a ke hana shi, shi ne wanda ya fi bukata, watau dakashi, nonon nan na fari mai kauri, mai ɗan fatsi-fatsi. A gidaje da yawa har yanzu cewa a ke yi ya daɗe a mama, ya gurɓata, sai a tatse a zubar, a ce a jira farin nono ya kawo. Wasu tsofaffi ma gwada shi su ke yi: a tatsa a ludayi, a jefa tururuwa, in ta fita nono ya yi kyau, in ta mutu mugu ne, sai a shiga jiƙe-jiƙe. Subhanallahi! Tururuwa ta nutse a cikin abu mai kauri, laifin ya koma kan uwa. Ku jefa ta a kwanon zuma ku gani ko za ta fita. Likitoci sun bincika sun samu dakashin nan cike ya ke da abin da ke kare hanjin jariri daga ƙwayoyin cuta, waɗanda jikinsa bai iya yaƙa da kansa ba tukuna. Yana kuma taimakonsa ya fitar da baƙin kashin nan na kwanakin fari, abin da ke rage masa shawara. In kun ga kaɗan ne, kada ku raina, gama cikin jariri ran da aka haife shi bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a sha ɗaya ba. Wanda ya halicci cikin shi ya auna abincin. Har yau, tsotson nan da ya ke yi shi ke kiran nono, shi ke kuma sa mahaifa ta tsuke, jinin biƙi ya ragu. Mai jego da aka raba da ɗanta kwana uku ana jiran nono, ita nononta zai fi jinkiri. Sabo da haka a ɗora shi a ƙirjinta cikin sa'ar nan ta fari, tun kafin a ɗora ruwan wanka.

Sa'an nan ruwa. A nan gardama ta fi yawa, mun kuwa san dalili. Mu mutane ne da baƙo ba ya shiga gidanmu sai mun tare shi da ruwa, jariri kuwa baƙo ne. In wani ya ce, "Nan fa Kano ce, ku dubi zafin bazara, babba ma maƙogwaronsa bushewa ya ke yi, hana jinjiri ruwa ai rashin imani ne," sai mu ce masa: ba a hana shi ruwa ba. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ruwa tatacce wanda bai ratsa rijiya ba, bai kwana a jarka ba. Yanzu ka dubi wanda ka ke so ka ba shi. Mu nan cikin birni gidajenmu a matse su ke, rijiyar wannan gida tana jingine da masan wancan. Wanda ba shi da rijiya yana saye wurin mai garuwa, bai san inda aka ɗebo ba, bai san ran da aka wanke jarkar ba. Kai babba cikinka ya saba, duk da haka ba ka manta da kwalarar 2021 ba. Ina ga hanjin da bai yi mako guda a duniya ba? Ko ruwan mai tsarki ne ma, yana cika ɗan cikin nan, yaro ya ƙi mama, nono ya ja baya. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan wata shida cur, nono zalla, ba ruwa, ba koko, ba madarar shanu ko ta akuya, sai magani in likita ya rubuta. Kadan zafi ya yi tsanani, uwa ce za ta yawaita shan ruwa, ta yawaita ba shi mama. Alamar ya ƙoshi kuwa a fili ta ke: bayan kwanakin fari zai riƙa fitsari kamar sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin ba ja ba, ana kuma ganin ƙaruwarsa a ma'auni.

In wani ya ce, "To ina dabino, ba sunna ba ne?" sai mu ce, na'am, ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausasa dabino ya shafa a ganɗar Abdullahi ɗan Zubairu da waɗansu jariran sahabbai. Shafawa ce ta ɗanɗano, sau ɗaya. Wanda ya so yi, ya wanke hannunsa da sabulu, ya ɗan shafa, shi ke nan. Ba mu ji an bi bayansa da ludayin ruwa kwana arba'in ba. Rubutu kuwa da zamzam, ba za mu shiga saɓanin malamai a nan ba, abin da mu ke roƙo shi ne uwa ta sha, a yi wa yaro addu'a. Zuma ita ce mutane za su yi mamaki. Magani ce ga babba, ba mu musa ba, amma a cikinta a kan sami wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke kashewa, na jariri bai iya ba, sai ta saki dafi, jikin yaro ya saki, tsotso ya gagare shi, wani lokaci har numfashi. Kada a ba shi sai ya cika shekara.

Yanzu mu zo kan aska, a nan kuwa mai rubutun nan zai fara da kansa. Da aka haifa mini ɗan fari, a rana ta uku wanzamin gidanmu ya zo cire belu, kamar yadda ubansa ya cire mini. Ni na ƙirga kuɗin na ba shi, na koma zaure na zauna, gama kunyar ɗan fari ba ta bari in leƙa ba. Da la'asar aka aiko wai jini bai tsaya ba. Aka ce a ƙara haƙuri, haka ya kan yi. Da magariba yaro ya daina kuka, masu jin daɗi suka ce ya sami barci, wata maƙwabciya da ta taɓa aikin asibiti ta buɗe tafin hannunsa ta ga ya yi fari fat, ta ce mu tashi. A daren nan aka ɗebi jinina aka ƙara masa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ga shi nan yau ya girma. Amma ma'aikaciyar da ta karɓe shi ta yi mini tambaya ɗaya, ta ce, "Malam, me ke damunsa aka yanka shi?" Na duba, na rasa. Lafiyarsa ƙalau aka yanka shi, da kuɗina.

Ku sani belun nan halitta ce, ko wane ɗan Adam da ita a ke haifarsa, tana taimakon rufe hanyar hanci sa'ad da a ke haɗiya. Cewa a ke yi in an bar ta za ta yi girma ta fashe, ko ta hana shi shan nono. To mutanen Makka da Madina da Misira ba sa cire wa jariransu ita ran suna, ba mu kuwa ji sun ƙare ba. Ku kuma buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda babu makarantar ilimi a birnin nan da ba a karanta ta. Ya ambaci yankan suna a rana ta bakwai, ya ambaci aske gashin jariri da yin sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa, ya ambaci kaciya. Ku nuna mana inda ya ambaci belu. Unguwar nan ana danganta sunanta ga Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da tarihin Kano ya ce su suka zo da addini zamanin Sarki Yaji. Bai kamata a ce a nan ne a ke kasa rarrabe sunna da gadon kaka ba.

Hatsarin kuwa ga shi. Jinin jariri a makon fari ba ya saurin daskarewa, shi ya sa a asibiti a ke yi masa allurar bitamin K da haihuwarsa. Wanda aka haifa a gida bai samu ba, shi a ke yanka a rana ta uku. Jinin da ba zai dami babba ba, ga jariri rabin ransa ne, yana kuma haɗiye shi ba a gani. Askar da ta fito daga bakin ɗan wani gida tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, tana iya kawo ciwon sarƙe haƙora, wanda in ya kama jinjiri da wuya ya tashi. Ko an tsira daga duk wannan, miki a maƙogwaro yana hana shi tsotso kwana da kwanaki, abin da aka ce ana gudu shi aka jawo.

Ba mu ce a kori wanzami ba. Mutumin gida ne, sana'arsa ta gado ce, a kanta ya ke ci da iyalinsa. Ya zo ran suna ya yi aski da sabuwar reza wadda kai ka saya, ka kuma ba shi ladansa cikakke kamar da ya yi duka, ka ce, "Sarkin aska, a bar mini bakin nan." Wanda bai yi asarar kwabo ba ba zai yi gardama mai tsawo ba.

Mai gardama tana cikin gida, ita ce kaka. A nan sai a yi hankali, don tsohuwa ba mugunta ta ke nufi ba. Da wannan hannu ta rene ka, kuma ta binne waɗansu da ba ta son a tuna mata. Yarinya mai haihuwar fari, da ta tafi wankan gida, ba ta da bakin da za ta ce da uwarta ko uwar mijinta a'a, ita da ko ɗaukar ɗan a gaban mutane kunya ta ke ji. Kai ne mai bakin. Kada ka bari sai ran da aka haihu, ana guɗa, ka shigo da doka. Tun ciki yana wata bakwai ka sami tsohuwa ita kaɗai, ka durƙusa, ka ce, "Inna, ga abin da na ji, ga abin da na ke roƙo." In da hali ta raka matarka awo, ko a asibitin haihuwa na Sabo Bakin Zuwo da ke Jakara, ko a Murtala, ko ƙaramin asibitin da ya fi kusa, ta ji da kunnenta daga bakin mace irinta. Tsohuwar da aka girmama ta yarda, ita ce za ta kori mai ludayin ruwa daga ɗakin, korar da kai ba ka isa ka yi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Muna ganin mai barin su cikin jahilcin abin da ke kashe musu 'ya'ya bai kuɓuta daga wannan zargi ba.

Abin mamaki, gidan da ke buɗe bakin jariri ga aska shi ne wani lokaci ke rufe shi ga ɗigon rigakafi. Tsoron yana da asali, ba za mu ɓoye ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin zana na Kano, yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara dole ya ji tsoron igiya. Amma ku tuna abin da ya biyo bayan dakatar da ɗigon shan inna a 2003 zuwa 2004: cutar ta yaɗu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ta shanye a shekarun nan kuwa yau samari ne, muna ganinsu bisa keken guragu. Da aka koma aka dage, a 2020 aka shaida nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Tun 2022 kuma an ƙara wani ɗigo na baki mai kare yara daga wata muguwar gudawa. Ranakun su ne ran haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15. Katin nan ka adana shi inda ka ke adana takardar gida.

In ya cika wata shida, sai a buɗe ƙofa, nono kuma bai tsaya ba. Kuskurenmu a nan koko ne tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki, daga nan tamowa ke farawa. A dama shi da kauri har ya riƙe cokali, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya da aka soya, da ɗan mai. A murƙushe masa wake, da dankali, da kabewa, da zogale ko alayyafo, da kifi an cire ƙaya. A ba shi ƙwai. Zancen wai ƙwai na sa yaro sata, ɓarayin da mu ka sani ba da ƙwai aka yaye su ba. A fara sau biyu ko uku a yini, a riƙa ƙarawa. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, don in an haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma ɗaya sun side kwano. Mai ba shi ta wanke hannu da sabulu.

A daidai wannan lokaci ne ya ke rarrafe, kome ya tsinta sai baki, a daidai nan kuma haƙori ke fitowa. Sai gudawa ta zo daga ƙazantar ƙasa, a ɗora wa haƙori, a ce a bari ya fito za ta tsaya. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima. Zawo sau biyar da zazzaɓi mai zafi cuta ce dabam. Kada kuma a ruga kemis a sayo kwalbar maganin haƙori. A ƙarshen 2008 wani irinsa mai suna My Pikin, da aka haɗa da guba, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya, gwamnati ta ƙirga 84 da suka rasu. Abin da ke kashe mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Ku ajiye ƙunshin gishirin nan na ORS a gida tun ba a bukata, a zuba ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta, watau ruwan leda biyu, a riƙa ba shi da cokali kaɗan kaɗan, in ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In babu, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali, a lita guda. A haɗa da ƙwayar zinki kwana goma ko da zawon ya tsaya, kada kuma a janye nono ko abinci. Kadan kuka ga maɗiga ta faɗa, wannan alamar ruwa ya ƙare ne, shafa mata ƙulli ba ya tayar da ita. In ido ya zurma, ko ya kasa sha, ko akwai jini a kashin, ko barci ya yi nauyi ba ya farkawa, ko ya yi taune-taune, ku ɗauke shi a sa'ar nan, ko tsakar dare ne. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan cikin birni. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, zafin jiki kaɗai ko ƙin mama ya isa dalili.

Saura yaye. Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Amma da mace ta ga ta yi kwanika, sai a ce nono ya zama dafi, a shafa maɗaci a mama, a kai yaro ɗan wata goma gidan kakarsa a yini ɗaya, ya rasa uwa da abinci tare. Ramar da ke biyo baya, wadda a ke cewa ya sha ciki, yunwa ce da ɓacin rai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Manzon Allah ya yi nufin hana kusantar mace mai shayarwa, sa'an nan ya bari, domin Rumawa da Farisawa suna yi bai cuci 'ya'yansu ba. Likitoci ma sun ce mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai nonon ya kan ragu, ita kuma tana bukatar ƙarin abinci, wannan kuwa aljihun mai gida ya ke kallo. Wadda ke ganin jini ko ta saba ɓari, ta tambayi likita. In lokacin yaye ya yi, a janye a hankali, na rana tukuna sa'an nan na dare, cikin makonni, yaro yana ɗakin uwarsa, kuma kada a fara yana cikin ciwo.

Zancen cibiya, da na wankan jego da kunun kanwa, yana nan, sai a takarda mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya ga kuskure a wannan, malami ne ko likita ko ungozoma, ya aiko mana, za mu buga gyaransa. Haza wassalamu.